Zamana a Kan Gwangwanin Majigi a Jidda

Ƙarar murfin kwano ce ta jawo tafiyar nan. Ba wata ƙara mai ƙarfi ba, 'yar ƙwas ɗin nan da murfi ke yi idan an mayar da shi a hankali don kada a ji. Ina madafa na jiyo ta daga ɗakin surukata, Inna, na kuma san abin da ya faru: ta buɗe, ta duba, ta rufe. Tun rasuwar Baba Malam, mahaifin maigidana, haka muke fama. Ta gama takaba har ta ɗora wata guda a kai, amma dabino da ruwa ne abincinta. Ba ta kuka, ba ta magana sai an tambaye ta, awarwaronta har gwiwar hannu yake zamewa. Mu kuwa sai sanɗa muke a gidan, ba mai ambaton marigayin a gabanta.

Ku da muka yi makaranta tare a Katsina kuna yawan tambayata ko ina fita daga Ɗa'ifa, garin da muke zaune a nan Saudiyya. To ga labarin fita ɗaya.

Yayar maigida, Yaya Maryam, da ke aure a Jidda, ita ta aiko a kawo Inna ranar Alhamis. Za ta ɗauko hayar majigi, mata zalla, a cikin gida. Kada ku ɗauka irin majigin noman gyaɗa da wankin hannu ne da ake nuna mana a filin makaranta. Wannan na Masar ne, labarin soyayya, inda mutum maimakon ya ce yana son ki sai ya dafe ƙirji ya rera. Na tambayi maigida ko kallon ya dace da mu. Ya ce, "In zai sa Inna ta ci tuwo, ni zan ɗauki na'urar a ka." Inna da aka gaya mata cewa ta yi, "Duk yadda kuka yi."

Alhamis: Ɗa'ifa zuwa Makka

Muna idar da sallar asuba muka fita, ni da maigida da Inna da 'yata Safiya mai shekara takwas. Sanyin Ɗa'ifa ya sa na lulluɓe Inna da bargo. A tasha muka sami motar haya, direban Bahaushen Sudan ne, ana ce masa Usta Bashir. Da ya ji Hausa a bakinmu sai ya sauke wani mai buhun rumman daga kujerar tsakiya ya mayar da shi baya, ya ce, "Uwata ba ta zama a kan taya."

Sabuwar hanyar Hada muka bi, wadda ke gangarowa daga dutse tana nannaɗewa. Na rufe ido ina hailala. Usta Bashir yana tuƙi da hannu ɗaya, ɗayan yana nuna wa maigida ramukan da motoci suka taɓa faɗawa. Na ce, "Malam direba, don Allah a bar mana tarihin sai mun sauka." Ya ce, "Hajiya, a ƙasa ai ba a ganinsu."

A wani lanƙwasa ya tsaya don injin ya huce. Birai suka sauko daga duwatsu. Ɗaya ya zura hannu ta taga ya ɗauke gurasar da na ɗora wa Inna a cinya tun daga gida. Safiya ta yi ta dariya. Inna ta bi shi da kallo kawai ta ce, "Rabonsa ne."

Mun wuce gefen Arfa rana tana fitowa, filin wayam, ba tanti ko ɗaya. A Makka muka canja mota.

Makka zuwa Jidda

A shingen da ke bayan gari askari ya karɓi iƙama, wato takardar izinin zama, ya duba. Ya kalli hoton Inna, ya kalli Inna, ya sake kallon hoton. Maigida ya ce masa ita ce, ta yi rashi ne. Askarin ya mayar da takardar da hannu biyu ya yi mata ta'aziyya. Ban so hakan ba, don ban san ramar ta kai har baƙo ya gane ba.

A Bahra muka tsaya gidan shayi mai dogayen kujerun igiya. Aka kawo ful da tamis, wato wake da aka dama da mai, da gurasa mai faɗi da zafinta. Na gutsura wa Inna na miƙa. Ta karɓa ta yi godiya, ta miƙa wa wata kyanwa a ƙarƙashin kujera. Kyanwar ta raka mu har bakin mota.

Kafin hantsi ya yi nisa mun shiga Jidda. Bargon da na lulluɓa wa Inna ya zama abin kunya. Iskar garin jiƙa mutum take, kamar an tsaya a kan tukunyar da ke tafasa.

Ammariyya

Gidan Yaya Maryam yana wani lungu a Ammariyya, bene na biyu. Ta rungume uwarta, ta ji ƙasusuwa, ta kalle ni ta bayan kafaɗarta. Maza suka fice kasuwa suka bar mana gidan.

A falo an rataye farin zanin gado a bango, an toshe tagogi da barguna. Na'urar tana kan tebur, gefenta gwangwanaye huɗu masu faɗi kamar farantai, kowane da naɗin fim a ciki. Yaya Maryam ce za ta kunna da kanta, mijinta ya koya mata don kada namiji ya shigo.

Muna zuba shinkafa a madafa ta ja ni gefe.

"Ke Binta, akwai mushkila. Na barkwanci na ce a ba ni, an riga ni ɗauka. Wannan suka aiko. Na taɓa ganinsa."

"Ba kyau?"

"Kyau kamar me. Gwangwani na uku da biki yake ƙarewa. A na huɗu angon yake mutuwa. Da tari."

Na ajiye ludayi. Tari ne ya yi ajalin Baba Malam, Inna ce ta yi jinyarsa damina da rani. Na ce, "Yaya, mun ɗauko ta tun daga Ɗa'ifa mu nuna mata wannan?"

"Sai mu tsaya a na uku, mu ce halas, ya ƙare."

"Ni ba zan yi wa Inna ƙarya ba."

"To ya za mu yi? Maƙwabta sun fara hawowa."

Na yi tunani. Na ce, "Ba zan ce komai ba. Zama kawai zan yi."

Na koma falo kafin idon mutane ya saba da duhu, na zare gwangwani na huɗu, na ɗora a kan tabarma, na baza zanina na zauna a kai.

Bayan azahar aka kunna. Mu wajen goma ne a ɗakin, zafi kamar gidan burodi, kowa da mafici. Inna tana kan katifa kusa da ni, ƙwayar carbi na wucewa a hannunta. Larabcin Masar gudu yake yi mini, don haka Safiya ce tafintata. Matsalar ita ce duk lokacin da saurayin ya kama hannun yarinyar sai in rufe mata ido, ita kuma sai ta yi shiru. Na ce, "Me ya ce?" Ta ce, "Umma, in kin rufe ido ba na ji."

Labarin dai ɗan talaka ne ke son 'yar mai gidan sama. Ya yi waƙa a ƙarƙashin taga, ya yi a cikin kwalekwale, ya yi a tashar jirgin ƙasa har jirgin ya tafi ya bar shi. Wata maƙwabciya, Hajja Amina, tun farko take ba yarinyar shawara da ƙarfi, yarinyar ba ta ɗauka. Ni kuwa bakin gwangwanin ya fara shiga jikina. Na karkata dama, na karkata hagu, ba sauƙi.

Ana tsakiyar na biyu muka ji murya daga katifa.

"Wannan yaron ba shi da sana'a ne?"

Yaya Maryam ta kusa ture na'urar. Ta ce, "Mawaƙi ne, Inna."

"Shi ya sa uban ya ƙi."

Na ji daɗi har na manta da abin da ke ƙarƙashina na ɗan lokaci. Can kuma saurayin ya yi tari a cikin hankici, ya duba, ya ɓoye a aljihu. Carbin Inna ya tsaya.

Na uku ya ƙare da biki, da fitilu da ganguna, amarya cikin farar riga. Hajja Amina ta rangaɗa guɗa. Zanin gado ya yi fari. Yaya Maryam ta kashe na'ura ta ce, "Halas, sun yi aure," wanda kuma gaskiya ne.

Inna ta ce, "Tarin fa?"

Ta dubi Yaya Maryam, ta dube ni, ta ci gaba.

"Mutum bai duba hankici haka a banza. Ina sauran?"

Yaya Maryam ta shiga gyaran wata waya da ba abin da ya same ta. Ni na zuba wa silin ido. Ana cikin haka ladan ya kira la'asar. Mata suka miƙe suna neman buta, aka yaye bargon taga ɗaya, haske ya shigo. Kowa ya tashi sai ni.

Inna ta dube ni. "Ke 'yar nan, yau ba kya salla ne?"

Kalma ɗaya ce za ta fitar da ni, kun san ta, kowace mace ta san ta. Amma ina da tsarkina, ladan kuma bai ma rufe baki ba. Na ce, "Ina yi, Inna."

"To tashi mana."

Na gwada miƙewa da shi a cikin zani, ina tafiya kamar agwagwa. Taku biyu na yi ya suɓuce, ya faɗi a kan gefensa, ya gangara tsakiyar falo yana rawa, ya je ya kwanta a gaban ƙafar Inna. Murfin ya lotsa a tsakiya daidai fasalin zamana.

Ta kalli gwangwanin, ta kalle ni. Ta ce, "A yi salla tukuna."

Ban taɓa yin sallar da na roƙi abu ɗaya tak a kowace sujada kamar wannan ba. Da muka sallame ta ce, "Maryam, sa shi." Sai da aka sa wuƙa murfin ya buɗu.

Angon ya kwanta ciwo. Ya yi waƙa a kan gadon ma, Inna ta ce mai irin wannan tarin ba ya iya jan numfashi haka. Ya rasu. Amaryar ta fito da kwalli rangaɗau tana rera kuka, Inna ta ce wannan ba ta san abin da ya same ta ba tukuna. Sai aka nuna ta washegari ita kaɗai, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon takalmansa, ba waƙa, ba kiɗa. Inna ta ce a hankali, "Yanzu ta sani." Ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suka fara girgiza.

Daga nan ɗakin ya rikice. Yaya Maryam na kuka a kan na'ura, Hajja Amina na kuka da Larabci. Ni da na zo tsare wata, kukana ya fi na kowa, har da shessheƙa. Sai ji na yi ana bubbuga bayana. Inna ce, fuskarta jiƙe.

"Ke, ya isa. Ɗan wasa ne, yana can Masar yana cin abincinsa. Nawa ne ya tafi." Ta share ido da gefen mayafi. "Kun bi kun hana kowa kiran Malam a gidan nan, sai ka ce bai taɓa zama a cikinsa ba. Har da zama a kan gwangwani."

Da yamma mijin Yaya Maryam ya dawo ya ɗaga murfin yana juyawa, ya tambaya ko mota ce ta bi ta kai. Na tashi na shige madafa.

Juma'a: Abhur da komawa

Bayan an sauko daga masallaci mijin Yaya Maryam ya kwashe mu a motar aikinsa zuwa Abhur, arewa da gari, inda teku ke shigowa cikin ƙasa. Muka shimfiɗa tabarma nesa da mutane, aka sayo soyayyen kifi da shinkafa. Inna ta zauna tana fuskantar ruwa ta fara magana. Ta ba mu labarin yadda suka ƙetaro teku daga Sawakin ta Sudan ita da Malam suna da ƙuruciya, yadda ya yi mata alkawarin zai kula da ita a jirgin, ya kuma kwana uku kwance yana amai ita tana riƙe masa kai. Maigida bai taɓa jin labarin ba. Ya yi dariya har ya koma share hawaye.

Ni kuwa hannunta nake kallo. Ta ɗauki tsokar kifi, ta yi nuni da ita wajen Sudan, ta yi nuni da ita wajen Makka, ta kusa kai ta baki sai wani labarin ya faɗo mata. Har muka naɗe tabarma kifin bai shiga ba.

Muka kamo hanya da la'asar. A Bahra kyanwar nan ta gane mu, amma Inna tana barci a kafaɗar ɗanta. Muka hau Hada da sauran haske, ban rufe ido ba wannan karon, don hawa bai kai sauka tsoro ba. Ana kiran isha muka shiga gida.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Yaya Maryam da mijinta, da Usta Bashir da ya girmama tsohuwa, da Hajja Amina da ta ba ni man zafi ba tare da ta tambayi inda zan shafa ba.

Da safe na dama koko na soya ƙosai, na ajiye wa kowa nasa, na koma ɗaki na zauna a kan sallaya, don ban da ƙarfin zuciyar tsayawa in ga abin da zai faru. Ina cikin addu'a Safiya ta banko labule, baki a tunzure, da Hausarta ta 'yan nan, masu ce wa kaka Sitti.

"Umma, yalla ki tashi ki soya wani. Sitti ta cinye nata, ta cinye nawa, yanzu tana kallon na Baba."