Tabon da Ya Ƙi Matsawa

Shekara talatin da ɗaya Baban Hanta ya yi a ɗakin gwaji na asibitin dabbobi, kan kujera guda, har ta lotsa daidai zamansa. Sunan ma a nan ya samo shi, don hantar da ya duba ba ta ƙirguwa: ta saniya, ta akuya, ta kaza, har ta karen wani alƙali. In dabba ta mutu, a yanko masa ɗan nama, ya daskarar da shi cikin kakin kyandir, ya fere siriri kamar ɓawon albasa, ya rina, ya ɗora a gilashi, ya leƙa ta madubin ƙara girma. Lafiyayyen nama cike yake da ɗige-ɗige shuɗaye. Inda ya mutu tun dabbar na numfashi kuwa, sai ɗigon su dushe, wurin ya yi fayau.

Matarsa kan ce, "Malam, kai ko naman miya aka sa maka sai ka juya shi kana neman laifinsa."

To, bana sai matattun wurare suka yi yawa. Duk gilashin da ya ɗora, ga tabo nan a gefen dama. Ya rubuta, ya sa hannu, har ya fara zargin wata sabuwar cuta ce ta shiga garken mutane.

Ran nan wata sabuwar likita da aka kawo asibitin ta shigo riƙe da takardunsa.

"Baba, ƙodar tunkiyar nan sau uku na duba. Lafiyarta lau."

"'Yar nan, ina wannan aikin ko haƙori ba ki yi ba."

"Na sani, Baba. Shi ya sa na zo da kaina. Ɗan matsar da gilashin mu gani."

Ya matsar. Naman ya tafi hagu, tabon bai motsa ba. Ya rufe idon dama, tabon ya ɓace. Ya buɗe, ya dawo.

Ya daɗe bai ɗago ba. Fanka na ta kukanta a sama.

"Ashe a gida cutar take," in ji shi. Ya goge ido da bayan hannu, ya miƙe da ƙyar, ya tura mata kujerar. "Zauna. Duk wanda na sa wa hannu bana sai mun sake duba shi. Ke ki duba, ni in rubuta. Hannun dai da saura."

Ta zauna, kujerar ta karkace da ita. Ya jawo benci.