Dakta Laminu ya rasu yana jiran gurbi

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina shirin fita wurin aiki ƙanensa ya kira ni daga Tibiri. Dakta Laminu ya rasu. Zama na yi a bakin ƙofa, har mai kabu-kabun da ke jirana ya gaji ya yi tafiyarsa.

Ga wanda bai san shi ba, shi ya koyar da mu ilimin ƙasar noma a jami'a. Ba ɗaukarsa aka yi aiki ba. Kiransa ake ya koyar, a biya shi kan awa. A haka ya yi furfura.

Lokacin da nake rubutun kammala karatu ordinatata, wato kwamfutata, ta mutu. Tasa ya ɗauko ya ba ni, shi ya koma rubutu da hannu.

In ya kai mu fadamar Jiratawa, sai kowa ya ci kwaɗon zogale kafin a fara aiki. Ya kan ce mai yunwa ba ya gane darasi.

Duk gurbin malami da aka buɗe sai ya haɗa dosiyen takardunsa ya kai. Bara aka buɗe wanda ya yi daidai da fanninsa. Har sabon kaftani ya ɗinka.

Ranar ganawa suka bar shi a baranda tun safe sai bayan la'asar. Da ya shiga, wani farfesa da Dakta ya daɗe yana riƙe ma aji ya dube shi ya ce, "Laminu, da wannan furfurar kake takara da yara? Ka bar ma ƙannenka mana."

Aka yi dariya.

Gurbin aka ba wani tsohon ɗalibinsa, ɗan wani babba. Ba a jima ba yaron ya samu tafiya Turai bincike. Suka kira Dakta suka ce ya riƙe masa ajin, kan awa, kamar kullum.

Ya riƙe.

Ganina da shi na ƙarshe a Sabon Gari ne, bakin shagon mai fotokofi. Ƙafafunsa sun kumbura, takalmin ma taka bayansa ya yi. Na ce, "Mushe," yadda muke kiran malamai, "don Allah ku bar masu abinsu, ku je likita."

Ya yi murmushi. "In na bari, ɗaliban mi suka yi mani?" Har na juya ya sake kirana. "Sani, an ce za a buɗe wani gurbin baɗi. In ka ga sanarwa ka turo mani."

Yanzun nan wani aboki ya nuna mani abin da aka rubuta a gurup ɗin malamai. Ƙarƙashin sanarwar rasuwar wani ya sa: "Allah ya jiƙansa. Awoyinsa na Talata wa za a ba?"

Ko wanka ba a yi masa ba.

Farfesan nan ma na ga dogon rubutunsa, yana kiransa ɗan'uwa na jini. Ba zan faɗi sunansa ba. Ya san kansa.

Ya Allah ka gafarta ma Dakta Laminu, ka yalwata kabarinsa, ka sa ilimin da ya ba mu ya bi shi. Ka ba iyalinsa Zulai da yaransu haƙuri, ka tsaya masu.

Za a yi jana'iza a Tibiri bayan azahar. Wanda bai samu zuwa ba, don Allah ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a, ko bai taɓa ganinsa ba.