Madabod Biyu a Teburin Ƙanina

Ƙanina bai iya yanke shawara ba, kuma bai taɓa jin kunyar hakan ba. Tun yana ƙarami, in aka ajiye masa riga biyu, sai rana ta take yana tsaye da singileti. A layin masu gyaran kwamfuta ba mai kiransa da sunan yanka. Bari-tukuna suke ce masa, yana amsawa har da murmushi.

Abin haushin, gwani ne. Shekara ashirin da biyar yana haɗa wa mutane kwamfutar tebur, kuma ta wani a minti biyar yake zaɓa mata kaya. Ta gidansa ce ta gagara. Sau biyu yana sayen furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya zauna nazarin madabod, wato faifan da zai ɗora ta a kai, kafin ya gama an canja soket, mazaunin da take shiga, ta daina shiga sababbin. Suna nan a durowa, a naɗe kamar jarirai.

Sai 'yarsa ta fari ta kai shekarar ƙarshe a karatun zanen gine-gine. Tsohuwar kwamfutarta wuni take yi kafin ta fitar da hoton bene ɗaya. Uban ya yi alkawarin sabuwa. Da ya rage kwana tara a miƙa aikin kammalawa, ta zo mini ido jawur. Na ɗauki sandata, muka nufi shagon.

Muka same shi ya tanadi duk sauran kayan, ga madabod biyu a gabansa, bango ya cika da takardu.

"Yaya, zauna ki gani. Cifset shi ne mai raba hanya a kan madabod. Na wannan yana bari a ƙara wa furosesa gudu, ga ramin ma'ajiya huɗu. Na wancan ba ya bari, rami biyu ne, amma bai cika zafi ba."

"Tana buƙatar ƙarin gudun?"

"A'a. Yanzu dai."

"Rami nawa za ta cika?"

"Ɗaya. Amma nan da shekara biyar fa?"

"Nan da shekara biyar tana maimaita aji, kai kana ƙirga ramuka kamar gafiya."

"Baba, wallahi ko wanne ne ina so," in ji yarinyar.

"Ke yi shiru. Goggonki ce ke zuga ki."

Na aike shi kantin magani ya sayo mini man shafawa na gwiwa. Na ce iri biyu ne, ya zaɓo mai kyau. Na san mun samu awa uku. Na kira maƙwabcinsa a sana'a, na nuna madabod ɗaya da sanda. Ya haɗa, ya ɗaure murfi. Ɗayan da kwalayen duka biyu na zuba a jakata.

Ƙanina ya dawo hannu wofi, ya tarar bene ya fito a allo tun shayi bai huce ba. Yarinyar ta miƙa aikinta saura kwana biyu.

Har yau bai taɓa leƙa bayan kwamfutar ba, in za a kunna ta kuwa bango yake juya wa fuska, don sunan madabod na fitowa a allo. Ranar bikin kammalawar ya tara mu, ni da 'yar da maƙwabcin.

"Don Allah kowa ya riƙe bakinsa," ya ce. "Kada wanda ya gaya mini wanne aka saka. Ina sani, ɗayan zan so."