Kaskon Kabarin Baba

Ni fa har yau idan na ji ƙarar katafila sai kabarin Baba ya faɗo min a rai. Ban yi boko mai nisa ba, rubutun nan ma da jaridun ƙunshe tsire na koya, amma wallahi sai na faɗi abin da aka yi mana a Enugu.

Baba ya rasu kafin yaƙin basasa, ina yaro. Aka binne shi a maƙabartarmu, can bayan unguwar Coal Camp, gab da wani ƙaramin gari da ke gindin tudu. Filin na gwamnati ne, tun zamanin Turawa aka ce Hausawa su riƙa kai matattunsu nan. To mu ai ba ma siminti, ba ma rubuta suna. Tudun ƙasa ne, sai fasasshen kasko wajen kai. Na Baba bakinsa ja ne, ni na ɗora shi da hannuna, kusa da wata bishiyar kashu.

Yaƙi ya zo muka gudu Kano. Da aka gama muka dawo unguwarmu Asata, ni da Inna da Kawu, ƙanen Baba. Ciyawa ta cinye maƙabartar, amma kaskon yana nan. Duk Juma'a da safe sai in je ziyara. Inna ba ta taɓa ganin wurin ba, tunda mata ba sa shiga maƙabarta. In na dawo tambayarta ɗaya ce: "Yana nan?" In ce yana nan.

Sai kuɗin mai ya shigo, kowa ya haukace da haƙa ƙasa. Wata Juma'a na tarar da turaku masu jan fenti an kakkafa su a tsakiyar kaburbura. Wai wani kamfani ne aka ba izinin neman kwal a filin. Na samu shugaban leburorin, na ce masa da Turancin kasuwa nan fa mutane ne kwance. Ya dubi wurin, ya yi dariya, ya sa ƙafa ya shuri kaskon wani bawan Allah.

"Ina kabarin? Ina sunan? Wannan ai juji ne, aboki."

Juji! Da gudu na zo masallaci na faɗa. Dattawa suka ce za a je a ga babban injiniyan. Kawu ya sa babbar riga, Liman ya ɗauki sanda, aka sa ni riƙon ƙwaryar goro. Muka shiga tantinsa, aka fara gaisuwa. Ina gajiya, ina iyali, yaya baƙunta, Allah ya ba da sa'ar aiki. Sa'ar aiki fa! Mutumin ya karɓi goro yana washe baki, shi a ganinsa maraba muka zo yi masa. Sai na ga Liman ya miƙe.

A hanya na ce, "Kawu, ba mu faɗi abin da ya kawo mu ba!"

Ya ce, "Kai yaro, wa ya taɓa kai kuka ranar gaisuwa? Sai an saba. Mako mai zuwa ma koma."

"Kawu, injin ba ya jiran a saba!"

"Rufe mana baki. Jiya jiya muka dawo garin nan, gidajenmu ma ba mu gama karɓa ba. So kake a ce Hausawa sun fara rigima?"

Na san tsoro ne, kuma na san abin da idonsa ya gani kafin mu gudu. Amma raina bai daina tafasa ba.

Su kuwa matan ƙaramin garin nan ba su kai wa kowa goro ba. Ramukan gwaji sun mai da rafinsu baƙi ƙirin, sai suka fito da tukwanen ruwa suka zauna a kan hanya suna waƙa. Mu samari muka bi su. Wata tsohuwa mai sayar da manja, wadda ta san Baba, ta ce min da Ibo, "Ina manyanku?" Aka kawo 'yan sanda suka kore mu, katafila ta shiga.

Kafin makon Kawu ya zagayo, ladanin masallacinmu ya rasu, tsoho ne ƙwarai. Aka ce ina za a kai shi? Wasu suka fara cewa a nemi wani wuri. Nan Liman ya buga sanda a ƙasa ya ce inda ake kaiwa za a kai. Duk Hausawan Asata da Coal Camp suka fito, har mahauta da jini a riga. Muka sauke makara a gaban katafilar, tana aiki, muka ja sahu. Liman ya yi kabbara. Direban ya kashe injin, ya sauko, ya cire hula. Matan garin suna tsaye daga nesa. Injiniyan ya zo yana cewa me ya sa ba wanda ya gaya masa. Na dubi Kawu, Kawu ya dubi ƙasa.

'Yan kamfanin sun tumɓuke turakunsu, sun matsa gaba, matan suka ci gaba da nasu faɗan. Mutane na ta murna an ceci maƙabarta. Ni kuwa na nufi bishiyar kashu, ban gan ta ba. Gefen nan duk an baje shi, hanya ce shimfiɗe da jar ƙasa da sawun ƙarfe. Na tona da hannu har farcena ya fashe, ko ɓarin kaskon ban samu ba.

Da na shiga gida Inna ta dubi hannuna. Ba ta yi tambayar ba. Ta shiga madafa ta ɗauko tukunyar miyarta, wadda ta goya har Kano ta dawo da ita, ta buga ta da ƙasa. Ta zaɓi ɓari mafi girma ta miƙo min.

Na ce, "Inna, a ina zan sa? Ban san wurin ba."

Ta ce, "Tsakiyar hanyar tasu. In sun ture ka dawo, akwai saura."