Na Ɗauka Olsa Ce, Ashe Zuciya Ce

Jama'a, wata biyar ke nan ba ku ji ɗuriyata ba. Waɗanda suka yi ta kira ban ɗauka ba, ku yi haƙuri. Ba ni da bakin magana a lokacin.

Da kaka abin ya fara, muna girbin dawa a gonata ta hanyar Mahuta. Na ɗauki dami na hau tudu, sai na ji kamar an danne min ƙirji da dutse. Na zauna, ya lafa. Na ce olsa ce, na shiga kemis na sayi magani.

Sati uku ina ɓoyewa.

Wata Lahadi bayan an tashi daga coci, ina ƙoƙarin ta da mashin, ciwon ya dawo, har hannun hagu da muƙamuƙi. Gumi ya jiƙa min riga sharkaf. Matata Lami ta zare makullin.

"Baban Rahila, ko ka bi ni asibiti, ko in tara maka jama'a yanzun nan."

A asibitin Zuru aka manna min wayoyi a ƙirji, aka ɗebi jini, aka ce mu wuce Sakkwato.

Can likita ya dubi takarda ya ce, "Mugun kitsen jini, wanda muke kira LDL, naka ya yi yawa ƙwarai. Shi ke taruwa cikin jijiyoyin da ke kai wa zuciya jini har su tsuke."

Na ce, "Likita, dube ni fa. Ina kitse a jikin nan? Tsohon soja ne ni."

"Ba a ganinsa da ido, ana kuma gadonsa. Akwai wanda ya mutu kwatsam a gidanku?"

Sai na tuna. Babanmu a gona ya faɗi ya mutu, da fartanya a hannu. Muka ce jifa aka yi masa. Tun daga ranar ba mu sake taka gidan ƙaninsa ba, don shi muka zarga.

A gaban likita na yi kuka.

Kwana tara na yi a kwance. Sai da muka sayar da shanun huɗa. Kowace safiya allura, awo, da tsoron abin da za a ce.

Yanzu da sauƙi, amma magani kullum ne, ba ranar dainawa. Tsire, ganda da man shanu na bar su. Ko ƙirjina ya ɗan motsa, gabana sai ya faɗi.

Na gode wa Allah. Na gode wa Lami, da matan zumunta da suka riƙe min gida.

Don Allah, in ƙirji na danne ku wajen hawan tudu, kada ku tsaya a kemis. Ku je a auna jininku, ko kuna da jiki ko ba ku da shi.

Yayana Bawa ya ƙi zuwa har yau. Wai lafiyarsa ƙalau. Wanda ya san shi, ya taya ni roƙonsa.