Yadda Muka Sare Bedin Ƙofar Lakwal

Takalminsa na fara gani, baƙi wul, yana ƙyalli. A Tawa, inda yashi ba ya raga wa ƙafar kowa, takalmi mai ƙyalli abin tsayawa a duba ne. Daga takalmin na ɗaga ido zuwa farar shadda mai guga, da agogo, da hular da ta zauna daidai. Yana zaune shi kaɗai kan kujerar ƙarfe a gindin iccen bedin da ke kallon ƙofar lakwal, makarantar bokon unguwarmu, ya ɗora ƙafa kan ƙafa.

Lokacin ina zaune gidan yayana. Na gama makaranta ban samu aiki ba, ban samu miji ba, amma na samu littattafai. Akwai wani a kasuwa da ke kawo littattafan soyayya daga Najeriya yana ba da haya, kuma ba shi da mai ciniki kamata. A cikinsu na koyi cewa duk namijin da ya zauna shi kaɗai a gindin icce cikin farar shadda ɗan mai kuɗi ne wanda wata ta yaudara, yana jiran ƴar talaka mai hankali ta wuce ta warkar masa da zuciya. Ƴar talaka dai ga ni. Hankali kuma ana nema a hanya.

Sai na zama mai son aike. Gishiri ya ƙare, ni ce. Ashana ta ƙare, ni ce. Matar Yaya har ta fara yi mani addu'a. Nakan rangaɗa kwalli in bi ta gaban bedin a hankali, kamar mai tsoron taka ƙwai. Ko sau ɗaya bai ɗago ba. Wannan bai dame ni ba, don a littafi irinsa miskili ake ce masa, kuma miskili sai littafi ya yi nisa yake magana.

Wata rana ina daidai wurin aka buga ƙarfen tashi na tsakar rana. Yara suka ɓarko daga ƙofa, masu gudu na gudu, masu faɗa na faɗa. Fuskar nan da ta yi makonni a ɗaure ta saki gaba ɗaya. Ya sauke ƙafa, ya jawo kujera gaba. Samarin yara suka wuce bai gan su ba. Da ƴan mata ƙanana suka iso sai na ji muryarsa a karon farko, mai sanyi, irin wadda na daɗe ina tanadar wa kunnena.

"Matata, ba ki gaida mijinki? Kitson wancan mako ya fi yi maki kyau."

Ɗiyar Yaya yake nufi. Tana aji uku a lokacin. Ta durƙusa ta gaishe shi, don haka muka koya mata, ta miƙe ta ruga.

A wurinmu kiran yarinya matata ba baƙon abu ba ne. Amma wasan yana da masu shi: kaka da jika, ko tsohon da ya ga haihuwar uwarki. Wannan ba kakan kowa ba ne, ko furfura ɗaya babu a gemunsa, kuma idan yana faɗa ba ya dariya. Na koma gida ba tare da ashanar ba.

Da maraice yarinyar ta zo ta zauna jikina tana jan bakin zanena.

"Tanti, dole ne a gaida kowane babba?"

"Mi ya faru?"

"Mutumin bedi. Ya san ranar da haƙorina ya faɗi. Ya san Inna ta yi mani lalle. Ya ce kullum in tsaya ya gan ni da kyau."

Yaya dillalin bisashe ne, muryarsa an yi ta ne don ta ƙetare garken shanu. Washegari ya tafi gindin bedin, ni da matarsa muna biye da shi daga nesa.

"Malam, mi ke tsakaninka da ɗiyata?"

"Alhaji, sannu da rana. Wace daga ciki? Ta gidan kusa da famfo, mai ja da baya in za ta yi dariya?"

"Ku ji! Har gidan ya sani!"

"Sani laifi ne? Ban taɓa ta ba, ban bi ta ba, ko alewa ban ba ta ba. Ina son kallonsu, kuma ni ba munafuki ba ne da zan ɓoye. Titi na gwamnati ne, icce na Allah, baki nawa. Ƙasar ga akwai ƴancin magana, ko ba a sanar da kasuwar shanu ba?"

Ban san lokacin da na ce, "Ba ka ko jin kunya!" ba. Sai ya juyo ya dube ni, ido cikin ido.

"A'a, ƴar littafi. Ba ran Juma'a aka yi wa'azi cewa littattafanku na ɓata ɗiya mata, a tara a ƙone ba? In aka rufe bakina yau, gobe naki za a cinna wa wuta."

Makonni ina jiran ya yi mani magana. Ga ta nan ta zo, har da kulawa ta musamman.

Maƙwabta suka riƙe Yaya, suka tuna masa cewa in ya ɗaga hannu shi za a rufe. Daga nan ya shiga zagaye. Direktan lakwal ya ce abin yana ci masa rai, amma ikonsa ya ƙare a bakin ƙofa, bedin kuwa yana ƙetaren titi. Mai unguwa ya aika a kira mutumin. Ya zo, ya cire takalmi, ya durƙusa, ya saurari nasiha yana "gaskiya ne, ranka shi daɗe", ya ci goro, ya koma kujerarsa kafin a buga ƙarfen yamma. A komisariya, wurin ƴan sanda, wani jami'i ya saurari Yaya har ƙarshe. Ya tambaya ko ya taɓa ta. A'a. Ya bi ta? A'a. Ya yi barazana? A'a. Jami'in ya ce shi ma uban ɗiya ne, ya sa an kira mutumin an ja masa kunne, amma ba a rufe mutum don ya zauna a inuwa ya yi magana. Ranar da ya yi wani abu, a zo da gudu.

Yaya ya dawo yana maimaita maganar. Mu da muke neman a hana wani abu, an ce mu jira shi, in ya faru mu zo da gudu. Gudun dai muna da shi.

A fadar da maza ke shan shayi bakin gidanmu aka raba gari biyu. Wasu sun ce a taru a yi masa dukan kawo wuƙa. Wani tsohon mushe, watau malamin lakwal, wanda ya koyar da rabin unguwar har da Yaya, ya ce shi ya ga zamanin da ake ɗaukar mutum daga wurin shayi don kalma ɗaya, kuma ba ya fatan ya sake gani. Ya ce mutumin abin ƙyama ne, amma igiyar da za a ɗaure bakinsa da ita ba za ta ruɓe bayan an gama da shi ba, za ta nemi wani bakin, kuma a fadar nan babu wanda bai zagi gwamnati ba tun safe. Ina jin su ta bayan katanga, littafina ɓoye cikin zane. Na so in ce ƙarya yake. Ban samu inda ƙaryar take ba, kuma wannan ya fi komai ba ni haushi.

Da aka rasa yadda za a yi da mutumin, sai aka juya kan wadda ake iya yi da ita. Ran Alhamis, muna cin tuwo, Yaya ya ce, "Daga Litinin ta zauna gida. Na hutar da raina."

Yarinyar ta aje lomar da ke hannunta. Ita ce mai kwana da allonta, mai tara ƴan tsana tana koya masu a, be, se da Faransancin da ita kaɗai ke ganewa.

Matar Yaya ba mai yawan magana ba ce. Ta ce, "Alhaji, watau shi mai bakin shi zauna titi, ita mai kunnen ta zauna ɗaki."

"To in yi yaya? Ke kin fi kwamishina?"

"Ban fi shi ba. In mutumin ya bar wurin kafin a tashi ran Litinin fa?"

"In ya bari ta ci gaba. Ko aljanu za ki tura masa?"

Ba ta tura aljanu ba. Bazara ce, lokacin da ranar Tawa ke sa jaki neman bango. Ran Juma'a ta bi gidajen da ke da ɗiya a lakwal ɗin, ta shiga ta fita. Ran Asabar da safe muka hallara gindin bedin, mata wajen goma sha, da gatura da adduna da tsani na aro. Tsohuwar da ke tuyar ƙosai a gefe ɗaya na inuwar ta miƙe da matsami a hannu.

"Ku ɗiyan nan, mi za ku yi? Ni fa? Ni na kira ɗiyan wani matata?"

"Ki yi haƙuri, Inna. Ke kin saba da wuta."

"Wutar ƙasa na saba da ita, marasa kunya, ba ta sama ba!"

Duk da haka ita ta riƙe mana tsanin. Matar Yaya ta ɗaure zane a ƙugu ta hau. A littattafaina idan yarinya ta shiga haɗari wani kyakkyawa ne ke fitowa daga baƙar mota. Namu mai ceton mace ce mai goyon ciki wata huɗu, tana sara tana tsaki. Ni aikina jan rassa. Ganyen bedi ya cika mani baki da ɗaci, reshe ya yage mani lulluɓin da na saya don miskili. Maza na fada suna kallo, babu wanda ya hana, babu wanda ya taya, kowa ya gano cewa shayinsa na buƙatar kulawa. Kafin azahar bedin ya koma gungume mai hannuwa biyu a sama, kamar wanda ƴan fashi suka tare.

Ran Litinin ya zo da kujerarsa. Ya tsaya ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya dasa kujerar a inda ta saba zama. Mutum ne mai aƙida. Muna leƙe ta ƙofar zaure. Hantsi ya ɗaga, shaddar ta manne masa a baya. Ya sa hula a fuska, ya cire, ya yi fifita da ita. Kujerar ƙarfe kuma ta fara ba da nata ra'ayin. Kafin a buga ƙarfen tashi ya tsayar da kabu-kabu, ya ɗora kujera a kai, ya tafi. Yaya ya cika alkawari. Da yamma yarinyar ta ɗauki allonta.

Kwana biyu bayan haka doka ta iso unguwarmu da kanta, a kan babur, cikin koren kaki. Mutumin ne ya kai ƙara, kuma a wannan karon akwai laifi rubutacce: an sare iccen gwamnati ba izini. Ma'aikacin gandun daji ya zagaya gungumen yana girgiza kai kamar ya zo ta'aziyya. Ya yi aikinsa daidai, ba zan ce komai ba. Aka ci mu tara, aka sa mu dasa wasu itatuwa mu yi ta ban ruwa. Matar Yaya ta tambaye shi ko bedin ya ce an taɓa shi. Ya ce Hajiya, icce ba ya magana, shi ya sa aka yi masa doka.

Ba mu ci riba kyauta ba. Yaran da ke jiran iyayensu suka koma jira a rana. Mai ƙosai ta yi shekara tana zaginmu da duk wanda ya zo saye. Mutumin kuma bai mutu ba, bai tuba ba. Wata mai kitso ta ce ta gan shi a wata unguwa can wajen tasha, gindin wani icce mai kyan inuwa, kusa da wata lakwal. Matar Yaya ta ɗauki lulluɓi ta je ta gaya wa matan can abin da muka sani. Abin da suka yi da labarin ban sani ba. Tawa dai ba ta rasa itatuwa ba.

Yarinyar ta gama karatunta, ta ƙara da na aikin jinya. Yanzu ungozoma ce a Kalfu, kuma matan can in naƙuda ta tashi sunanta suke kira kafin na mazansu. Ƙorafi ɗaya nake ji a kanta, daga dattawan da ke zama bakin hanyar gidan likita: wai tana wuce su da sauri, kanta a miƙe, ba ta durƙusawa. Wani har ya aiko wa Yaya cewa boko ya ɓata masa ɗiya. Yaya ya kira ta a waya ya fara faɗa, ta ce, "Baba, akwai mai haihuwa tana jira," ta kashe.