Filin da Na'ura Ta Ce Ba Mai Shi

Shekara biyar ke nan da rasuwar maigidana, Malam Habu, Allah Ya ji ƙan sa. Amma in za a tambaye ni, ciwonsa ya fara ne ran da na ji ƙarar murfin kwano, ƙwal, ya mayar ya rufe tuwo bai taɓa ba.

Malam shi ke kula da na'ura mai ƙwaƙwalwa a ofishin noman rani da ke yankinmu na Kura. A cikinta aka zuba filaye da masu su. Tsohon tsarin da ake yi mata tambaya da shi yana da nawa, amma yana da wata alama da ake sa wa maƙabarta da burtalin shanu, ma'ana kada a taɓa. Sai aka ce an daina yayinsa, aka kawo sabo mai sauri. Shi sabon, abu biyu ya sani: fili mai suna, da fili mara suna. Da aka kwashe bayanai, alamar ba ta samu wurin zama ba.

Malam ya yi magana a kan alamar. Wani babba ya yi dariya ya ce, "Malam Habu, sabo turken wawa!" Ran nan ne ya rufe kwanon.

Manyan ofis suka tambayi na'ura filayen da ba su da mai su don a noma, ta lissafo har da tsohuwar maƙabartar da ke bakin hanyar Bunkure. Can aka kai ɗanmu na fari, yana da wata bakwai. Kafin dattawa su gama sintiri a ofis, motar noma ta baje wurin. Malam bai sake cika ciki ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Na san kwana ne ya ƙare, ban ja da ƙaddara ba. Amma kada wanda ya sake ce mini kuskuren na'ura ne. Na'ura tana da ɗa a ƙasa? Mutane ne, masu sallah, aka gaya musu suka ƙi ji, kuma daga ofis zuwa wurin ko a keke ba nisa. Gani ya kori ji, amma ba wanda ya taka. Har yau ko "yi haƙuri" ba mu samu ba.

Bana na ji za a sake canja tsarin, wai wannan ma ya tsufa. Da Malam na nan, na san ba zai hana ba, shi ba maƙiyin sabon abu ba ne. Zai dai tambaya: me za a bari a baya, kuma na wane ne? Tambayar nan ita ce gadon da ya bar mana, ga ta nan na miƙa.

Yanzu tumatir ne a wurin, jajir, an yanka filin kwami-kwami don ban ruwa. Ran Juma'a muka wuce da Rabi, autarmu, na rage tafiya ina addu'a a zuci. Ta ja mini gyale.

"Umma, wane kwamin ne na Yaya? Nuna min, kar in taka shi."